LAFIYA UWAR JIKI: Zuciya in ta buɗe, ba ƙarfi ta ƙara ba

  

A wannan wata zancen zuciya za mu yi. Ga abin da ya kawo zancen.

Cikin bazarar da ta wuce, wani ɗalibina ya yi kwana 10 bai zo karatu ba. Magidanci ne, ya girme ni, kuma ba ya fashi. Da ya dawo na ce masa: "Yaya, lafiya muka daina ganinka?" Ya ce: "Ina fa lafiya, Malam. Mai ɗakina ce ba ta jin daɗi."

Ta haihu lafiya, haihuwarta ta 6. An yi suna, an ci an sha. Sati 3 bayan suna sai haki ya kama ta. In ta je bayan gida ta dawo, sai ta zauna ta huta. Ƙafafu suka kumbura. Da dare ba ta iya kwanciya, sai ta jingina da bango tana tari har asuba. Tsofaffin gida suka ce sanyi ne ya shige ta. Aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Abu sai gaba yake yi. Daga ƙarshe aka sa ta a amalanke zuwa asibitin kusa. Daga can aka tura su Magarya, daga Magarya aka tura su Zinder. A can aka ɗauki hoton zuciyarta. Likita ya ce zuciyar ta yi girma, shi ya sa ta kasa aiki.

Sai ɗalibin nan ya yi mini tambaya. Ya ce: "Malam, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Dantsen maƙeri in ya yi girma, ƙarfi ya ƙara. Sa in ya yi girma, ya fi jan amalanke. To yaya zuciya za ta yi girma, kuma a ce ta kasa?"

Ni ba likita ba ne. Iyakar karatuna firamare. Amma na yi tambaya wurin ma'aikatan asibiti, na karanta abin da na samu. Tambayar ta taɓa ni, don yayata da nake bi haka ta yi shekarun baya. Kumburi, haki, barci a zaune. Mu ma sanyi muka ce. Ba ta kai arba'in ba, Allah ya jiƙanta. Da mun san abin da zan faɗa muku yau, da mun ɗaura amalanke tun ran farko.

YAYA ZUCIYA TAKE AIKI?

Ran layya, in an feɗe rago, ka ɗauki zuciyarsa ka tsaga. Za ka ga nama ce zalla, tsoka mai tauri. A ciki akwai ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jini. Na ƙasa su ke tura shi. Ɗakin ƙasa na dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska. Ɗakin ƙasa na hagu yana tura shi zuwa dukan jiki, daga kai har yatsun ƙafa. Shi ya sa bangon na hagu ya fi kauri. Tsakanin ɗakunan akwai ƴan ƙyaure na fata mai laushi. Suna buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Zuciyar mutum ma haka take. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita.

Aikinta kamar zuga-zugin maƙeri ne. Ta saki, ta cika. Ta matse, ta tura. Ga babban mutum da ke zaune, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. A yini da kwana, wajen sau 100.000 ke nan. Kowane bugu tana tura jini kimanin cikin ƙaramin kofin shayi. In ka tara, lita 5 ne a minti ɗaya. Bido mai lita 25, cikin minti 5 ta cika shi. A yini da kwana, ganga mai lita 200 wajen guda 35. Ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun salla.

Ga wani abu da za mu riƙe. Zuciya ba ta juye dukan jinin da ke cikinta a bugu ɗaya. In ɗakin hagu ya cika, aka kasa jinin kashi 100, lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 55 zuwa 70. Saura ya jira bugu na gaba. Wannan lissafi shi likita ke dubawa a hoton da ake kira eko.

DARASIN ƊANKO

Kowa ya san ɗankon da yara ke harbin tsuntsaye da shi a gona. In ka ja robar kaɗan, dutse ya faɗi kusa. In ka ja ta da kyau, dutse ya yi nisa. Naman zuciya haka Allah ya yi shi. In jini mai yawa ya shigo, naman ya miƙe, sai ya matse da ƙarfi fiye da da. Shi ya sa in kana noma, ko kana jan guga, zuciya ke iya ƙara aiki nan take.

Masana biyu suka gano wannan. Wani Bajamushe, Otto Frank, ya gwada da zuciyar kwaɗo a 1895. Wani Baturen Ingila, Ernest Starling, ya gwada da zuciyar kare a 1914. Har yau da sunansu ake kiran wannan ƙa'ida.

Amma ɗanko sabo shi ke da wannan hali. Robar da ta sha rana, ta saki, ko ka ja ta har kunne dutse ba ya zuwa ko'ina. Ta fi sabuwa tsawo, amma ba ta kai ta ƙarfi ba. To ga amsar tambayar ɗalibina. Girman dantsen maƙeri, nama ne ya ƙaru. Girman zuciyar maijegon nan, saki ne. Naman ya yi rauni, ya kasa fitar da jini, jini ya taru, ɗaki ya buɗe.

ME KE FARUWA IN ƊAKI YA BUƊE?

Abu 4 ke faruwa, kowane yana jawo ɗan'uwansa.

Na 1, bango yana yin sirara. Ku dubi balan-balan ɗin yara. Yadda ake hura ta tana girma, haka fatarta ke ƙara sirara tana ɗamewa. Zuciya ma haka. In faɗin ɗaki ya ninka biyu, kaurin bango bai ƙaru ba, nauyin da ke kan naman ya ninka biyu. Nama mai rauni, ga kaya ya ƙaru. Yana cin iska da abinci fiye da da, aikin da yake yi kuwa bai kai na da ba. Maimakon kashi 60 cikin 100, sai ya fitar da 30, wani lokaci 20.

Na 2, ƙyaure ba ya rufuwa. In bakin ƙofa ya faɗaɗa, tsohon ƙyaure ba zai rufe shi ba. Zuciya ta matse, wani jinin ya yi gaba, wani ya koma baya. Wahala biyu, riba ɗaya.

Na 3, ƙoda tana ruɗewa. Jinin da ke isa wurinta ya ragu. Sai ta ɗauka fari aka shiga, ta riƙe gishiri da ruwa, ta rage fitsari. Ruwan nan cikin jini yake komawa. Jini ya ƙara yawa, zuciya ta ƙara buɗewa. Jaki ya durƙusa, ana ƙara masa mangala.

Na 4, ruwa yana komawa baya. In aka toshe bakin korama, ruwa gonaki yake shiga. Jinin da ɗakin hagu ya kasa turawa yana taruwa a huhu. Shi ne haki da tarin dare. In mutum ya kwanta, ruwan ƙafafu ya gangaro ƙirji, numfashi ya ƙara wuya. Shi ya sa suke barci a zaune. Wanda ɗakin dama ya kasa karɓa yana taruwa a ƙafafu da hanta da ciki. Shi ne kumburi. Kuma jinin da ya daɗe kwance a cikin zuciya yana iya yin guda. In gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

BA GIRMA IRI ƊAYA BA NE

Akwai wani girman kuma, wanda ya fi samun manya, maza da mata. Shi hawan jini ke kawo shi. Zuciya tana tura jini da kyar shekara da shekaru, sai bangonta ya yi kauri. Da fari kamar abin kirki. Amma bangon yana yin tauri kamar ƙirgin da ba a jeme ba. Ɗaki ya ƙuntata, ba ya sakewa ya cika da kyau. In an daɗe ba magani, ita ma daga baya tana iya saki ta buɗe. Yawan shan giya yana sa zuciya ta buɗe. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun yarinta yana iya ɓata ƴan ƙyauren nan. Ƙarancin jini mai tsanani shi ma yana wahalar da ita.

Akwai kuma girma mai kyau. Ƴan tsere da masu motsa jiki kullum, zuciyarsu tana ɗan ƙara girma. Amma ɗaki da bango tare suke ƙaruwa, naman kuma lafiyayye ne. Wannan ne kaɗai ya yi kama da dantsen maƙeri.

DON ME MASU JEGO?

Mace mai ciki, jininta yana ƙaruwa kusan rabin yadda yake, don ta ciyar da abin da ke cikinta. Wata 9 zuciyarta tana ɗauke da wannan kaya. Bayan haihuwa jiki yana zubar da ruwan da ya ƙaru sannu a hankali. Yawancin mata zuciyarsu tana jurewa. Amma wasu, naman zuciyarsu yana yin rauni a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watanni 5 na bayan haihuwa.

Wannan ciwo akwai shi ko'ina a duniya. Amma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa. A Zariya, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamako a 1978. Sun ce a Zariya, cikin haihuwa 100, wajen mace ɗaya tana kamuwa. Sun ga ciwon ya fi yawa lokacin zafi da damina. Sun zargi abu 3: wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa.

A nan Nijar ma an bincika. A babban asibitin Yamai, likita Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin mata masu wannan ciwo. A 1992 suka bayyana cewa wani sinadari mai suna seleniyom ya yi ƙaranci a jininsu. Jiki kaɗan yake bukata, kuma yana samunsa daga abinci irin su kifi, ƙwai, nama da hanta.

Daga 2017 zuwa 2018 aka yi wani babban bincike a asibitocin Najeriya. Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagorance shi. Su ma sun samu wajen mace 1 cikin haihuwa 100 a arewa maso yammacin ƙasar. Amma ba su ga cewa wanka da kunun kanwa su ne tushen ciwon ba. Abin da suka gani shi ne rama, da hawan jini lokacin ciki, da rashin karatu, da rashin sana'a. Cikin matan da suka ci gaba da bi, kusan 1 cikin 5 ta rasu kafin shekara 2. Ciwon ba na wasa ba ne.

To ina gaskiyar kanwa? Kada mu zagi iyayenmu. Dubban mata sun yi wankan jego, sun sha kunu, sun tashi lafiya. Amma a kan abu ɗaya likitoci duka bakinsu ɗaya ne. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Tana riƙe ruwa a jiki. Zafi mai tsanani kuma yana sa zuciya gudu. Mace mai lafiyar zuciya za ta iya ɗauka. Wadda zuciyarta ta fara saki, kowane ludayi na kunun kanwa ƙarin kaya ne. Abin da muke yi don mu kori sanyi, shi ke ƙara mata ruwa a huhu.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Mai tsohon ciki ko maijego, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti ran nan:

1. Haki a kan ɗan ƙaramin aiki, kamar shara ko ɗaukar jariri.
2. Ba ta iya kwanciya sai a zaune, ko ta farka cikin dare tana neman iska.
3. Tarin dare, wani lokaci da kumfa.
4. Kumburin ƙafa wanda in ka danna da yatsa rami ya zauna. Ɗan kumburin ƙafa ga mai ciki ba abin tsoro ba ne. Amma in ya haɗu da haki, ko ya ƙaru bayan haihuwa, ba lafiya ba.
5. Faɗuwar gaba, zuciya tana bugawa da sauri ko tana tsallake.
6. Kumburin ciki da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama.

Kafin a isa asibiti, a bar ta a zaune, kada a tilasta mata kwanciya. A tsayar da kanwa da wankan zafi. Kada a tsaya jiran arba'in. Na san al'ada ta ce maijego ba ta fita. Amma rai ya fi al'ada.

AKWAI MAGANI?

Akwai. Likita yana ba da maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari. Cikin ƴan kwanaki numfashi ya dawo, kumburi ya saɓe. Yana ba da wani mai sassauta hanyoyin jini, don zuciya ta tura ba da kyar ba. Yana ba da wani mai rage mata gudu, don ta samu sararin hutawa. In an sauke mata kaya da wuri, zuciyar wasu matan tana komawa daidai cikin watanni. Wasu kuma sai sun riƙa shan magani shekaru.

Ga inda muke kuskure. Kumburi ya tafi, sai mu ce an warke, mu bar magani. Tafiyar kumburi ba warkewar zuciya ba ce. Ruwa aka kwashe, naman bai gama farfaɗowa ba. Likita kaɗai zai ce a daina. A gaya masa tana shayarwa, don ya zaɓi maganin da ya dace. Kuma kada a sayi ƙwayar fitsari wurin masu talla a kasuwa.

Wani ciki kafin zuciya ta warke babban haɗari ne. Ciwon yana iya dawowa, kuma ya fi na farko muni. Miji da mata su je tare, su ji shawarar tazarar haihuwa.

AIKINMU MU MAZA

Maganar nan ba ta mata kaɗai ba ce. Kuɗin mota a hannunmu yake. Izinin fita a bakinmu yake. Saboda haka:

A bar mace ta je awon ciki, a auna hawan jininta kowane zuwa. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne.

A ba mai ciki da maijego abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, zogale, kifi ko nama in an samu. Makiyayi, kada ka kai nono duka kasuwa, ka bar na mai ɗakinka.

A rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya a abincinta. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa.

Wadda likita ya ce zuciyarta ta buɗe, a ɗauke mata daka da jan ruwa da itace. A kai hatsi inji. Sa in ya yi ciwo a damina, ba ka ɗaura masa garma. Uwar ƴaƴanka ta fi sa.

Mu ma, wanda ya wuce shekara 40 ya riƙa auna hawan jininsa, ko yana jin garau.

Matar ɗalibina tana nan da rai, alhamdu lillahi. Tana shan maganinta, tana komawa awo. Surukarta, wadda da ta fi kowa nacin kanwa, yanzu ita ke tsaron tukunya. Da na je gaishe su ta ce mini: "Ɗan nan, mu abin da muka tarar muka yi. Da an gaya mana, da mun ji." Na ce: "Gaskiyarki, Inna. Shi ya sa zan rubuta a jarida." Mijin kuwa, shi ke karanta takardar asibiti da kansa, ya san ƙwayar safe da ta dare. Ga amfanin karatu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta wa iyayenmu mata da ungozomomi, don su ke tsaye kan masu jego. A wurin karatu kuma, a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Mene ne bambancin girman dantse da girman zuciyar maijego?
2. Don me mai wannan ciwo ba ta iya barci a kwance?
3. A garinmu, in maijego ta kama haki da dare, amalanken wa za a ɗaura, kuma wa zai raka ta?

Tambaya ta 3 a amsa ta tun yau, kafin bukata ta zo. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya abin da aka haifa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.